An fasa mini mota, 'yan sanda sun ce ba za su zo ba: an raina ni ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na wayi gari na tarar an fasa gilashin motata na baya, an ɗauke jaka mai wayar salula da wasu takardu a ciki. Na ari wayar maƙwabcina na kira 'yan sanda, ina sa ran za a turo wani ya duba. Matar da ta ɗauka ta yi mini tambayoyi na kamar minti goma, ta karanto mini wata lamba ta ce in rubuta, sannan ta ce ba za a turo kowa ba. Haka aikin yake, ko raina ni aka yi? Akwai kuma kyamarar tsaro a ƙofar gidan da ke kallon namu, amma ban faɗa mata ba tunda ba ta tambaya ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya mayar maka da alheri. Na yi shekaru a ɗakin karɓar kira na 'yan sanda da abin sauraro a kunne, kuma na san yadda muryar mutum ke sauyawa idan aka ce masa ba mai zuwa. Takan yi sanyi, sai ya ce "to, shi ke nan", alhali a ransa ba shi ke nan ba. Wanda aka yi wa sata yana son wani mai kaki ya tsaya kusa da shi, ya ga ɓarnar da idonsa. Ba laifi ba ne ka so hakan.

Ƙin zuwan da aka yi bai nuna raini ba. Abin da ya fi damuna a labarinka shi ne jumlarka ta ƙarshe, ta kyamara, kuma zan dawo kanta.

An daɗe ana gina aikin 'yan sanda a kan tunanin cewa duk kira sai mota ta tashi, kuma gwargwadon saurinta gwargwadon kama ɓarawo. A 1977 rundunar birnin Kansas a Amurka ta auna wannan tunani, ta gano cewa mafi yawan lokacin da ake asara yakan tafi ne tun kafin a kira: mutum ya firgita, ya leƙa waje, ya kira ɗan'uwansa, ya ƙirga abin da ya ɓace. A 1981 masu bincike William Spelman da Dale Brown suka faɗaɗa binciken zuwa birane huɗu. Sun samu cewa kusan uku cikin huɗu na manyan laifukan da ake kai rahoto irin naka ne, wato an tarar da su bayan mai yi ya daɗe da tafiya, kuma kimanin kashi 3 cikin 100 kawai ne saurin isowar mota ya kai ga kamu. Idan an fasa gilashi da ƙarfe biyun dare ka gani da ƙarfe bakwai na safe, jiniya ta zama ihu bayan hari.

Ka kuma duba abin da jami'in zai yi da ya iso. Zai tsaya a gefen motar, ya kalli gilashin da ya zube kamar tsakuwa, ya fito da littafinsa, ya yi maka tambayoyin nan da matar ta yi maka. Gilashin gefe da na bayan mota an yi shi ne ya tarwatse ƙanana-ƙanana, don haka da wuya a ɗauki zanen yatsa a kansa, jikin motar kuwa hannu nawa ya taɓa, ga raɓa ga ƙura. Tafiya da tsayuwa da rubutu za su cinye masa lokaci mai yawa, kuma a wannan lokacin motarsa ba ta samuwa ga matar da wani ke dukan ƙofarta a yanzu. Mai zaune a ɗakin kira yana ganin duka biyun a allo ɗaya. Wannan ne ya sa aka raba layukan waya: birnin Baltimore na Amurka ya buɗe 311, layin kiran da ba na gaggawa ba, a 1996 don rage wa layin gaggawa na 911 nauyi, Ingila da Wales kuma suna da 101 ban da layin gaggawa na 999.

A farkon shekarun 1980 an gwada karɓar irin waɗannan rahotanni ta waya a birane uku na Amurka, Garden Grove da Greensboro da Toledo. Mafi yawan masu kira sun gamsu. Darasin da nake yawan maimaita wa masu koyon aikin ya fito ne daga binciken wannan zamani: jama'a sun fi jin zafin alkawarin da aka karya a kan jiran da aka sanar da su. Ka ce wa mutum "ga su nan zuwa" ya zauna har la'asar yana leƙen hanya, ka ɓata shi da hukuma har abada. Matar da ta gaya maka gaskiya tun farko ta kyauta maka ta wannan fuska.

Sai dai akwai inda nake rabuwa da masu yabon tsarin ido rufe. Binciken cibiyar nazari ta RAND da ke Amurka na 1975 ya nuna cewa abin da ya fi warware laifi shi ne bayanin da wanda aka cuta ko shaida ya bayar tun a zaman farko: suna, lambar mota, kamannin fuska, inda za a samu hoto. Ashe idan an mayar da zaman farko kan waya, nauyin binciken duka ya koma kan tambayoyin mai amsa wayar. Idan ya yi su da kyau, ba a rasa komai ba. Idan yana sauri ya cike gurabe ya ba da lamba ya ɗauki kira na gaba, wayar ta zama hanyar rufe fayil tun kafin a buɗe shi. A 2014 hukumar da ke duba ayyukan 'yan sanda a Ingila da Wales ta soki wasu rundunoni saboda suna sa waɗanda aka yi wa sata su yi binciken da kansu, su nemo hoton kyamara, su zagaya maƙwabta, su duba shafukan sayar da kayan hannu ko za su ga nasu. Ƙorafin jama'a ya yi ta taruwa har a 2022 shugabannin rundunonin suka ɗauki alkawarin zuwa duk gidan da aka fasa, a 2023 kuma suka ce za su bi duk wata hanyar bincike mai ma'ana, komai ƙanƙantar laifin.

Kalmar "ƙarami" ita ce tarkon. Ana saurin auna laifi da kuɗin abin da ya ɓace ko ya lalace, a manta da wanda aka yi wa da kuma sau nawa aka yi. Ba na manta wani kira da na ɗauka da safe. Wata baiwar Allah ce, murya ƙasa-ƙasa, ta ce an sace mata iskar taya biyu, lambar rahoto kawai take so. Na riga na fara rubuta shi a matsayin ƙaramar ɓarna. Sai na tambaye ta, "Hajiya, wannan ne karo na farko?" Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke, ina jin ƙarar cokali a kofi. Can ta ce na huɗu ne a wata ɗaya. Na ce ko tana zargin wani. Ta ce tsohon mijinta, kuma jiya ta ga motarsa a ƙarshen layinsu. Wannan kira ya tashi daga batun taya ya koma batun rai, kuma an tura mata jami'ai a ranar. Tambaya ɗaya ce tsakaninta da lamba kawai.

An ga abin da ke faruwa idan ba a haɗa irin waɗannan kiraye-kiraye wuri ɗaya ba. A 2007 a yankin Leicestershire na Ingila, wata uwa ta hallaka kanta da 'yarta mai nakasa bayan shekaru da matasa suka yi suna jifan gidansu suna zaginsu. An tuntuɓi 'yan sanda sau 33 a kan lamarinsu cikin shekara goma, ana ɗaukar kowane rahoto shi kaɗai a matsayin ƙaramar fitina. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Saboda haka duk wanda zai kai rahoto ta waya, kada ya jira a tambaye shi idan ya san wanda ya yi, ko abin ya maimaitu, ko an yi masa barazana, ko akwai tsoho ko yaro ko mara lafiya a ciki, ko an bar jini ko makami ko wani abu na ɓarawon a wurin. Kowanne cikin waɗannan na iya sauya hukuncin zuwa ko ƙin zuwa. Idan kuwa mai laifin yana nan a wurin, layin gaggawa ake kira, ba na kai rahoto ba.

Lambar da aka ba ka ba ta sallama ba ce. Da ita kamfanin inshora zai saurare ka, da ita za ka nemi sabunta takardun da suka ɓace, kuma da ita ake sa ɗigo a taswirar laifuka. Idan motoci biyar aka fasa a layinku a mako guda, uku suka ce "me zai sa in wahalar da kaina", taswirar za ta nuna biyu, sintiri kuma ya tafi wata unguwa.

Yanzu ga naka aikin, kuma yau ya kamata. Ya kamata a ce ta tambaye ka batun kyamara; wannan giɓi ne daga ɓangarenta, amma ana iya cike shi. Irin waɗannan na'urori suna goge tsohon hoto su ɗora sabo a kai, wasu cikin 'yan kwanaki. Ka je ka yi wa maƙwabcinka sallama, ka roƙe shi ya adana abin da ta ɗauka daga lokacin da ka kulle motar zuwa lokacin da ka tarar da ɓarnar. Ka nemo kwalin wayar ko rasit ɗinta, akwai lamba mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, da ita ake gane wayar ko an sauya mata layi. Ka sa kamfanin sadarwa ya rufe layin, ka sauya kalmomin sirri na banki da na imel. Idan manhajar bibiya ta nuna maka inda wayar take, don Allah kada ka je da kanka; ka ɗauki hoton allon ka miƙa.

Sannan ka sake kira, ka fara da lambar rahotonka, ka ce kana da sabon bayani: akwai hoton kyamara, ga adireshin gidan, mai gidan ya yarda, ga lambar wayar da aka sace. Ka tambayi sunan wanda ke riƙe da fayil ɗin, da yadda za ka tura hoton, da ranar da za ka ji daga gare su, ka rubuta duka. Idan ranar ta wuce shiru, ka nemi a haɗa ka da shugaban sashen, ka ce kana so a sake duba shawarar rufe fayil ɗin tunda akwai shaidar da ba a kalla ba.