Amsa: Nexus 7 ta hannu, a karɓa ko a bari?

Malam, ka ce an yi maka tayin Nexus 7 ta hannu, wato tablet ɗin nan ta Google, kana son sanin abin da ke cikinta kafin ka karɓa. Da farko juya bayanta ka duba. In babu kyamara a baya, ta 2012 ce, mai ƙwaƙwalwa (processor) Tegra 3 da RAM gig 1. Wannan kam ka haƙura da ita, domin da ta tsufa nauyi take yi sosai.

Ta 2013 ita ce abar so. Asus ne ya ƙera wa Google ita. Allonta inci 7 ne, mai ɗigon hoto (pixel) 1920 da 1200, kuma wallahi har yau in ka buɗe littafi a kai, haruffa fes suke fita kamar bugun takarda. Tana da ƙwaƙwalwa Snapdragon S4 Pro, RAM gig 2, ma'ajiya gig 16 ko 32, amma babu gurbin memori, don haka nemi mai 32. Tana ma karɓar caji ba tare da waya ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne manhaja. Google ya daina sayar da ita a 2015, sabuntawarta ta tsaya a Android 6.0.1. Manhajoji da dama ba za su hau ba, kuma kada ka saka ta banki a ciki.

Batirinta 3950 mAh ne tana sabuwa, yanzu ya haura shekara 10. Ɗora ta kan tebur ka dube ta daga gefe: in marfin baya ya ɗaga, batirin ya kumbura, mayar wa mai ita abarsa.