Na Saki Matata, Wa Ya Fi Haƙƙin Riƙon Yara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rabu da matata, ta gama idda, tana gidan iyayenta da 'ya'yanmu biyu, mace mai shekara 6 da namiji mai shekara 3. Mahaifiyata ta matsa mini in karɓo su, ta ce a gidanmu ba a barin jini a waje, da an yaye yaro gidan ubansa yake komawa. Uwar yaran ta ƙi, kuma na ji za ta yi aure. Ina da haƙƙin ɗauko su? In ta ci gaba da ƙi, zan iya daina aika kuɗin ciyarwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da ka tambaya kafin ka aikata, don da yawa sai sun je sun ɗauko yara da ƙarfi, an kawo musu sammaci, sannan suke neman malami.

Maganar Hajiya tana da tushe ta gefe ɗaya. 'Ya'yan nan naka ne, sunanka suke amsawa, kai ne waliyyinsu. Kai za ka zaɓa musu makaranta, ka duba tarbiyyarsu, kai za ka aurar da 'yarka in lokaci ya yi. Babu saki ko sabon aure da zai ƙwace maka wannan. Amma riƙo na yau da kullum, wato inda yaro zai kwana da wanda zai yi masa wanka ya yi jinyarsa, wani haƙƙi ne daban da malaman fiƙihu ke kira hadana, kuma uwa aka fara bai wa shi.

Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amr cewa wata mata ta kai ƙara wurin Annabi (SAW), ta ce cikinta ne ya ɗauki yaronta, nononta ya shayar da shi, cinyarta ta rene shi, ga shi ubansa ya sake ta yana so ya ƙwace shi. Annabi ya ce mata ita ta fi cancantar yaron muddin ba ta yi aure ba. Imam Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya tarar da ɗansa Asim yana wasa a Ƙuba, ya ɗora shi a kan dabbarsa, kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi tana jayayya, suka je gaban Sayyidina Abubakar. Abubakar ya ce ya bar mata yaron, Umar bai sake cewa uffan ba. Dubi wanda aka yi wa hukuncin, ka kuma dubi cewa da kaka ya yi shari'ar, ba ma da uwar ba.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'armu suke hukunci da ita, riƙon uwa ba ya ƙarewa da yaye. Namiji yana hannunta har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Shekara bakwai da kake ji a bakin mutane daga wasu mazhabobi ta fito. Karɓe yaro da zarar an cire shi daga nono kuwa al'ada ce kawai, kuma al'adar da ta sha jefa yara hannun matar uba da ba ta nemi riƙonsu ba, alhali uban ya fita tun asuba sai dare.

Batun aurenta shi ne wurin da ake yawan kuskure. Gaskiya ne idan ta auri wanda ba muharramin yaran ba ne, kuma ta tare, haƙƙinta ya faɗi. Jita-jitar aure ko baiko ba sa kayar da shi. To amma faɗuwar haƙƙinta ba ta kawo yaran hannunka kai tsaye. Mahaifiyarta ce ta gaba, da sharaɗin ba a gida ɗaya take zaune da 'yar tata ba, sai kakar uwar, sai 'yar'uwar uwar, a bi dangin uwa mata, kafin a zo kan mahaifiyarka, sannan kai. Ko an zo kanka ma sai kana da macen da za ta kula da su a gida. Haka kuma wanda riƙo ya koma kansa, idan ya san ta tare ya yi shiru har shekara ba da wani uzuri ba, ya rasa damarsa, yaran su ci gaba da zama agololi a gidan mijinta.

Akwai hanyoyin da uba yake karɓar 'ya'yansa da gaskiyarsa. Idan mai riƙon ba ta da amana, ko hankalinta ya taɓu, ko tana da cuta mai yaɗuwa da za ta cutar da yaran, ko gidan ba shi da tsaro ga 'ya mace, alƙali zai ɗauke riƙon daga hannunta. Sai dai hujja ake kawowa, ba zargin da ɓacin rai ya haifa ba. Haka idan za ka yi ƙaura ta dindindin zuwa gari mai nisan baridi shida, wato mil 72 a lissafin fiƙihu, kana iya tafiya da su, sai in uwar ta yarda ta bi su can. Tafiyar fatauci ko ci-rani ba ta cikin wannan.

Kuɗin ciyarwa kuwa, ina roƙonka don Allah kada ka taɓa shi. Ba kyauta kake yi wa tsohuwar matarka ba, haƙƙin yaran ne a wuyanka: ci, sutura, magani, makaranta da wurin kwana, gwargwadon ƙarfinka, a duk inda suke. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ta kuma hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa. Rabin farko ya hau kanka in ka janye abinci don ta saduda. Rabi na biyu ya hau kanta in ta hana ka ganinsu, ko ta riƙa cusa musu ƙinka. Kana da ikon zuwa ka gan su, su yini a wurinka da wurin kakarsu, su koma wurin uwarsu su kwana.

Hajiya fa, kada ka tunkare ta da cewa ta yi kuskure. Kewar jikokinta ce take damunta, da tsoron kada su tashi ba su san gidan ubansu ba, kuma tsoro ne mai kyau. Ka sami malamin da take girmamawa ya yi mata bayani, kai kuma ka ɗauki nauyin kawo mata su a kai a kai, da hutun makaranta da lokacin Sallah. Daga nan dattawan gidajen biyu su zauna, a rubuta nawa za ka riƙa bayarwa duk wata, ranakun ziyara, makarantar da yaran za su shiga, da inda za su koma in auren ya tabbata, shaidu su sa hannu. In zaman ya gagara, ku je wurin masu sulhu na Hisba idan akwai a jiharku, ko kotun shari'a mafi kusa, ka tafi da shaidar duk abin da kake aikawa tun ranar da kuka rabu.