Yaro ya ce aljanu ne suka gina dalar Masar, me zan ce masa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi, wannan zangon aka ɗora min Tarihi a aji ɗaya da biyu na ƙaramar sakandare, alhali ba shi na karanta ba. A sikim ɗin da aka ba ni akwai Masar da Mesofotamiya da Girka da Rum. Yara sun fi arba'in a aji, da na fara magana sai hamma da surutu. Satin da ya wuce wani yaro ya ce aljanu ne suka gina dalar Masar, babansa ne ya nuna masa a waya, aji ya kaure da musu, ni kuma na yi shiru saboda ina tsoron in faɗi abin da zai taɓa addini iyaye su kawo ƙarata. Dan Allah wace doka zan kafa musu, kuma me zan ce wa yaron nan?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, shirun da kika yi ya fi a ce kin yi masa tsawa, da kin yi tsawar to shi da sake ɗaga hannu sai dai wani ajin.

Maganar doka ba ta da tsawo. Kar ki rubuta musu dokoki ashirin a kwali, ba mai karantawa. Kowa ya zo da littafin rubutu na Tarihi shi kaɗai, ba wanda aka haɗa da lissafi a baya ba. Mutum ɗaya ke magana lokaci guda, kuma ba a yi wa mai tambaya dariya. Sai babbar dokar, wadda za ki rubuta a saman allo ki hana a goge har ƙarshen zango: "Ta yaya muka sani?" Duk wanda ya faɗi wani abu, har ke kanki, ana iya yi masa wannan tambayar. Hamman da suke yi kuma yawanci daga kwafar not ne, minti arba'in yaro ɗan shekara 12 yana kwafar sunayen sarakunan da bai iya furtawa ba. Ki sa su kwaɓo laka su yi 'yan alluna su dinga dannawa da tsinken tsintsiya irin rubutun mutanen Mesofotamiya, wato yankin Iraƙi na yau, ranar za ki ga har ɗan bayan aji ya taso. Sannan ki ɗaura igiya daga wannan bango zuwa wancan, ki rataya takardu da shekaru, domin lissafin shekarun kafin haihuwar Annabi Isa Alaihissalam yana rikita su sosai tunda baya-baya yake tafiya. A kan igiyar ne za su gani da idonsu cewa Kiliyofatira, sarauniyar Masar da ta mutu shekara 30 kafin Annabi Isa ta fi kusa da mu a kan kusancinta da sarkin da aka gina wa babbar dalar Giza. A nan ne kuma za su gane Fir'auna sarauta ce ba sunan mutum ɗaya ba, an yi su da yawa cikin kusan shekara 3,000.

Toh yanzu maganar aljanu, wadda wallahi ita ce ta fi ci min rai, don kusan duk taron horar da malamai da na je sai wani ya taso da ita, kuma ba yaro ba, malami mai takardar shaida. Yau aljanu, gobe wasu halittu daga sama, jibi a turo maka hoton ƙwarangwal mai tsawon bene wanda aka haɗa da kwamfuta a ce ga maginan nan an tono. Mutum bai taɓa buɗe littafi ɗaya a kan Masar ba amma ya kunna kyamara ya sa kiɗa mai ban tsoro, mutum dubu ɗari su kalla su tura gaba, ke kuma da alli a hannu ke ce za ki kwashe ɓarnar.

Maginan nan mun san inda suka kwana, mun san abin da suka ci. A kudu da dalolin Giza an tono garin ma'aikatan, masanin tonon kayan tarihi Mark Lehner ya yi shekaru yana aikin wurin, an samu gidajen gasa burodi da tukwanensu, da tarin ƙasusuwan shanu da tumaki da awaki da kifi. A 1990 aka gano maƙabartarsu a nan kusa, kuma a jikin ƙasusuwan akwai karayar da aka yi wa ɗori ta warke, akwai gadon bayan da ya lalace saboda ɗaukar nauyi. A cikin dalar kanta, can saman ɗakin sarki inda ba mai shiga, ƙungiyoyin leburori sun rubuta sunayensu da jan fenti a jikin duwatsu, wata ƙungiyar sunanta Abokan Kufu, wato sarkin da aka gina wa babbar dalar, kamar dai yadda 'yan kamasho da direbobi suke rubuta laƙabinsu a bayan mota. Sannan a 2013, a Wadi al-Jarf da ke bakin Bahar Maliya, wani masani Bafaranshe Pierre Tallet da mutanensa suka samo takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, ya rubuta aikinsa rana bayan rana, yadda shi da yaransa suke loda farin dutse daga wurin fasa dutse na Tura a jirgin ruwa su kai Giza su sauke su koma. Rajistar aiki ce Malama, irin wadda fomen yake riƙewa a wurin gini.

Kuma ba dare ɗaya suka iya ba, wannan shi ne abin da masu bidiyon ba za su taɓa nuna wa kowa ba. Sun fara da dala mai hawa-hawa a Saƙƙara zamanin sarki Josa. Zamanin Sinefiru, mahaifin Kufu, suka fara wata a Dahshur da tsayuwa mai tsanani, da suka kai tsakiya suka ga abin zai ba su matsala sai suka kwantar da kusurwar, har yau tana nan a lanƙwashe kowa yana gani. Bayan an sha wannan wahalar ne aka gina ta Kufu wajen shekara 2560 kafin Annabi Isa, tsawonta na asali kusan mita 146, duwatsu wajen miliyan 2.3. Wanda ya yi kuskure ya gyara ya sake gwadawa, ai ɗan Adam ne.

Game da tsoronki na addini, ba wanda ya ce ki ƙaryata samuwar aljanu, kuma kar ki shiga wannan musun da yara. Abin da za ki ce kawai shi ne Alƙur'ani bai ce aljanu sun gina dala ba. Aljanun da aka ambata suna gine-gine Annabi Sulaimanu suka yi wa, shi kuma masana tarihi suna sa zamaninsa fiye da shekara 1,500 bayan Kufu. Shi Fir'aunan Annabi Musa ma da ya so a yi masa dogon gini, a Suratul Ƙasas Hamana ya umarta ya hura wuta a kan laka, wato aikin tubali na mutane. Duk uban da ya zo da ƙorafi ki karɓe shi da mutunci ki faɗa masa haka.

Abin da ya sa nake zafi a kan wannan, ba sabuwar magana ba ce, tsohuwar raini ce ta sake riga. Da Turawa suka ga ginin dutse na Babbar Zimbabuwe cewa suka yi baƙar fata ba zai iya ba, sai dai baƙi daga wata ƙasa, har sai da wata masaniya Baturiya, Gertrude Caton-Thompson, ta yi tono a 1929 ta tabbatar 'yan ƙasar ne suka gina. Da wani Bajamushe mai suna Frobenius ya ga ƙerarrun kawunan Ife a 1910 cewa ya yi aikin mutanen wata ɓatacciyar ƙasa ce. Yanzu mu da kanmu muke ɗauka muna tura wa 'ya'yanmu. Yaron da ya tashi da cewa duk babban aiki sai aljani, me zai ce in ya ga ganuwar Kano, ko mutum-mutumin Nok da aka tono a nan kudancin Kaduna, ko dalolin Sudan da suka haura 200, sun ma fi na Masar yawa? In kin bar shi a haka, kin koya masa kakanninsa ba su iya lissafi da tsari da haƙuri ba, kuma shi ma ba zai iya ba. Wannan amana ce a wuyanmu mu malamai, kuma za a tambaye mu.

Ranar Litinin ki kira yaron nan gaban aji, ba don ki kunyata shi ba, ki ce tambayarsa ce darasin yau. Akwai wani zane a kabarin wani gwamna mai suna Jehutihotef, mutane da yawa suna jan ƙaton mutum-mutumi a kan katako da igiyoyi, wani yana tsaye a gaba yana zuba ruwa a ƙasa. Ki nuna musu hoton a wayarki, sannan ki fita da su fili inda yashi yake, ki ɗora bulo uku a kan falanki ki ɗaura igiya. Su ja a busasshen yashi su ga yadda yake taruwa a gaba yana tokarewa. Sai ki ba shi buta, shi da ya kawo maganar, ya yayyafa ruwa daidai ba ya jagwaɓe ba, su sake ja. In sun koma aji kowa ya rubuta layi biyar a kan abin da hannunsa ya ji, shi ne aikin gidansu na wannan satin.