Tsohon soja na kewar fagen daga, yana da zunubi?

Tambaya: Malam ni tsohon soja ne, ina cikin dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, da aka kai Laberiya a 1990, da ni aka tare mutanen madugun 'yan tawaye Charles Taylor lokacin da suka afka wa Monrobiya, babban birnin ƙasar, a 1992. Wallahi ban taɓa jin daɗin rayuwa irin na lokacin ba, har yau in na ga yaƙi a talabijin sai in ce ina ma da ni. Yarana ma in ina ba su labari dariya muke ta yi. Ina da zunubi?

Amsa: Allah ya ƙara lafiya ɗan'uwa. Kewar abokan da kuka ci a kwano ɗaya kuka kwana a rami ɗaya ba komai a cikinta, haka abin da ya ɗarsu a zuci ba a furta ba, ba a kama bawa da shi. Wannan ba saɓani.

Inda na tsaya shi ne "ina ma da ni" ɗin nan. Ka tashi daga tuna baya ka koma buri, kuma hadisin Abdullahi ɗan Abu Aufa da ke Buhari da Muslim ya hana burin haɗuwa da abokan gaba, ya ce a roƙi Allah lafiya, in an haɗu sai a daure.

Na san wasu za su ce ai Anas ɗan Nadri ya yi buri, da Badar ta wuce shi ya ce in Allah ya sake kawo wani yaƙin za a ga abin da zai yi, to su duba da kyau, bawan Allah nan ciwon rashin tsayawa tare da Annabi (SAW) ne ke damunsa, ba ƙarar makami ko bugun zuciya ya je nema ba, kuma ya cika alkawari a Uhudu da rauni sama da 80 a jikinsa, sai da yatsunsa 'yar'uwarsa ta gane shi. Ina haɗin wannan da wanda daɗin harbi yake kewa? Sannan shi hanin a filin yaƙi aka yi shi, ga sahabbai da makamai a hannu, ba ga matsorata a gida ba. In su an hana su to mu su wa? Alƙur'ani da kansa a Baƙara aya ta 216 cewa ya yi yaƙi abin ƙi ne gare ku. Don haka burin nan ka bar shi, ka yi istigfari.

Sai abin da baka tambaya ba. Dariyar nan da yara ta fi damuna, kana ba su rabin labari ne. Ka faɗa musu waɗanda kuka tafi tare ba su dawo ba, da ƙananan yaran da aka ɗora wa bindiga a can. Kuma ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka, akwai wanda ka harba alhali ya miƙa wuya ko farar hula ne? In akwai, hukuncinsa daban ne, ka samu malami ido da ido, kar ka rubuto nan. In kuma barci na gagararka ko zaman gida na ƙona maka rai, ka je ka ga likitan ƙwaƙwalwa, ba hauka ba ne. Wallahu a'alam.