Yadda za ka gane teburin tururin da za ka buɗe

Ɗan'uwa, ka ce an ba ka ruwa a matsin 200 kPa, kowane kilo yana cin fili 0.5 m³, amma ka rasa teburin da za ka duba. Ni ma nan ne ya fi ba ni wahala a shekarata ta biyu.

Fara da teburin tafasa, a layin 200 kPa. Za ka ga ruwa na tafasa a digiri 120.2 na Celsius, vf (filin da kilo ɗaya na ruwa tsantsa ke ci a zafin tafasa) 0.001061 m³, vg (filin da kilo ɗaya na tururi tsantsa ke ci a wannan zafin) 0.8857 m³. To, ina 0.5 ɗinka ya faɗa? Tsakaninsu. Ke nan ruwa da tururi ne a cakuɗe, kamar cikin tukunyar da ke kan tafasa an rufe ta. Da ya haura vg, sai teburin tururi mai ƙarin zafi. Da ya gaza vf, ruwa ne tsantsa.

Sai ka fitar da x, wato kason tururi a cikin cakuɗen: ka cire vf daga 0.5, ka raba da bambancin vg da vf. Za ka samu kusan 0.564, wato kashi 56 cikin ɗari na nauyin tururi ne. Da shi za ka nemo entalpi da entropi.

Ka kula, muddin ana cikin tafasa, matsi da zafi tafiyarsu ɗaya, su biyun kaɗai ba za su nuna maka halin ruwan ba. Matsin da agogon tukunya ke nunawa kuwa, sai ka ƙara masa matsin iska, kusan 101 kPa, kafin ka shiga tebur, domin agogon ba ya haɗawa da matsin iska, tebur kuwa yana haɗawa da shi. Wannan ya kayar da ɗalibai da yawa.

In aikin tukunyar tururi ta masana'anta ne, ka kai lissafin gaban malaminka ko injiniya mai lasisi kafin a kunna wuta.