Tambaya da Amsa: In ruwa daga teku yake zuwa, me ya sa hadari ke haɗowa daga gabas?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a Tudun Wada Zariya, kuma ina ɗan taɓa noma a wajen Dakace. Tun muna makaranta aka ce mana iskar da ke kawo ruwa daga teku take tasowa, wato kudu maso yamma, amma ni tun tasowata duk hadarin da na sani daga gabas yake haɗowa. Wani ɗalibina ya tambaye ni wallahi na rasa ta cewa. Sannan me ya sa a watan huɗu sai hadari ya haɗu baƙi ƙirin, a yi iska a tada ƙura, ƙarshe ko ɗigo babu?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya yi wa yaron nan albarka don gaskiya ya iya tambaya. Littafin bai yi ƙarya ba, kai ma idonka bai yi maka ƙarya ba, abin dai hawa biyu ne.

Mu a nan iska biyu ce ke juya mu duk shekara. Akwai busasshiya da ke fitowa daga Sahara ta arewa maso gabas, ita ce ta hunturu, mai fasa leɓe da kaushi, kuma yawancin hazon da take kwaso mana daga wani kwari ne da ake kira Bodele a ƙasar Chadi, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe. Sai kuma mai laima da ke tasowa daga Tekun Atilantika. Duk inda iska ta daɗe a kai sai ta ɗauki halin wurin, wadda ta kwana kan yashi ta bushe, wadda ta kwana kan teku ta jiƙe. Inda biyun nan suka yi karo akwai iyaka, kuma iyakar ba a tsaye take ba, rana take bi. A watan ɗaya tana can kusa da gaɓar teku, wajen watan huɗu ta iso kanmu mu da muke kan digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu (ikweta), zuwa watan takwas ta wuce mu ta kai wajen digiri 20 can cikin hamada, sannan ta juyo a watan goma kaka ta shigo. Masana na Bergen a ƙasar Norway, bayan yaƙin duniya na farko, su ne suka raɗa wa irin wannan iyaka sunan bakin daga, sai dai su nasu karon na sanyi da ɗumi ne, mu namu na bushewa da laima ne.

To ga amsar watan huɗu. Ita iskar teku ba gaba ɗaya take shigowa ba, ta ƙasa take kutsowa kamar tsinin gatari, bakinta siriri, kaurinta na can baya. Lokacin da bakin ya iso Zariya sai ka ji gari ya canza, gumi na naso, randa ta daina sanyi kamar da, da daddare kowa ya fito da tabarma tsakar gida amma barci ya gagara. Laimar ta zo, amma ba ta da kauri, samanta duk busasshiyar iska ce zaune. Gajimare zai taso ya yi baƙi, har ruwan ya saki a sama, amma kafin ya iso ƙasa busasshiyar iskar ta shanye shi, abin da zai iso mana sai sanyin da ya faɗo da ƙarfi, shi ne yake tada ƙura ya ɗaga kwanon rufi, mata na gudun kwashe shanya ana rufe tukunya, bayan rabin awa gari ya washe. Ruwa na sosai sai iyakar ta wuce mu da ɗaruruwan kilomita, mun shiga cikin kaurin.

Batun gabas kuwa, shi ya fi daɗi a wurina. Iskar teku a ƙasa-ƙasa take tafiya. In ka hau sama kamar kilomita 3 zuwa 4 akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma a damina, kuma zafin Sahara da sanyin kudu ne ke haddasa ta. Hadari gini ne mai tsawo, yana wuce kilomita 10, to ƙafarsa na shan laimar kudu, amma gangar jikinsa wannan iskar ta sama ce ke tura shi yamma. Ga kuma tsaunukan Jos da ke kudu maso gabas da mu, da rana suna ɗaga iska sama hadari ya ƙullu a can, ya jeru ya nufo yamma. Shi ya sa kai da kake Dakace, gabas da Zariya, za ka jiƙe kafin mutanen da ke gindin dutsen Kufena a yamma. Ka fita da yaran wata rana da la'asar in hadari ya fara haɗuwa, ku ɗaga ƙyalle ku ga inda iskar ƙasa ke kaɗa shi, sannan ku dubi inda baƙin ke tahowa, da idonsu za su ga hawa biyun.

Abin da ke damuna shi ne manoman da ke rugawa shuka da ruwan farko, ga tsadar iri ga tsadar taki, sai a yi kwana goma sha ba ruwa masara ta ƙone tun tana jaririya. Wajen Samaru ruwan shekara kan kai milimita 1000, amma kusan duka tsakanin watan biyar da watan tara yake sauka, mafi yawa a markar watan takwas. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara har da lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna a kowace jiha, ana karantawa a rediyo, ka riƙa saurara Malam. Kuma kafin ka zuba iri ka tona ƙasa ka ga laima ta wuce tsawon tafin hannu tukuna, in sama-sama ce kawai ka ƙara haƙuri sai ruwa na biyu ko na uku.