Sana'ar ƙera ƙwan tsuntsaye na kwaikwayo: ina ribar take?

Wani mai aikin filastar ado ya rubuto yana tambaya ko ya dace ya zuba jarinsa a ƙera ƙwan tsuntsaye na kwaikwayo domin sayar wa makarantu da gidajen adana kayan tarihi, da kuma yadda zai yanka musu farashi.

Malam, sana'ar tana da tushe, domin doka ce ta buɗe mata kasuwa. A Birtaniya an hana ɗibar ƙwan tsuntsayen daji tun 1954, kuma jiminar Najeriya da Nijar da Chadi tana cikin rukunin farko na yarjejeniyar CITES ta duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, wanda ya hana cinikinta da ƙwanta tsakanin ƙasashe. Saboda haka mai son nuna wa ɗalibai ƙwai iri-iri yana bukatar abin da hannunka zai ƙera.

Sai dai abin da za a biya ka dominsa shi ne daidaito, kuma a nan ne masu fenti da yawa suke faɗuwa. Kusan duk launin ƙwan tsuntsu daga sinadarai biyu yake fitowa, ɗaya mai ba da ja da ruwan ƙasa, ɗaya mai ba da shuɗi da kore, kuma jikin tsuntsuwa yana zuba su ne a sa'o'in ƙarshe kafin ta saka ƙwan. Wasu ɗige-ɗigen suna shiga cikin ɓawon tun yana haɗuwa, shi ya sa ake ganinsu dishi-dishi kamar toka, wasu kuma suna zama a sama da kaifin launi. Idan ka yi fenti shafi ɗaya, masani zai gane jabu ne tun daga nesa, don haka sai ka fara da ɗige masu haske, ka lulluɓe su da siririn shafi, sannan ka ɗora masu duhu. Ka kula da girma da nauyi ma: ƙwan jimina yakan kai tsawon santimita 15 da nauyin kilo 1.4, kuma ɓawonsa yana da ƙananan ramuka da hannu yake ji.

Game da kuɗi, ban ba ka shawarar ka tara kaya kana jiran mai saye ba, domin makarantu ba kullum suke sayayya ba, kuma biyansu yakan yi jinkiri. Ka fara da nau'i kaɗan da za ka iya auna na gaskiyarsu, wato na kaza da zabuwa da tantabara da agwagwa, ka kai samfurin ga malaman ilimin halittu su duba, ko ga masana irin na cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos. Kada ka fara aikin oda sai an ba ka kafin alƙalami da zai rufe kuɗin kaya.

Filasta da fenti ba su ne tsadar ba. Tsadar tana cikin mazubin roba, wanda za ka raba kuɗinsa a kan yawan ƙwan da zai fitar kafin ya lalace, da kuma sa'o'in da fenti yake ci, waɗanda masu sana'ar hannu suka saba mantawa da su wajen lissafi. Kuɗin cefane kuwa ya fi yiwuwa ya fito daga farin ƙwai marar ado, irin wanda masu kiwon tantabara da kaji suke sawa a gurbi, domin shi ba ya cin fenti kuma ana iya sayar da shi sari.